Randar lantarki a cikin wayarka

A rumfunan masu gyaran waya na kasuwar Zuru akwai abin da kan ɗaure wa mai kallo kai. A kawo waya ta mutu murus, mai gyara ya auna da mita ya ce ta yi shot, ya lalubo wani ɗan abu mai ruwan ƙasa da bai kai ƙwayar gero ba, ya ɓamɓare shi ya yar. Sai waya ta tashi. Mai ita ya tafi yana cewa ashe dama ado ne.

Ba ado ba ne. Kafasita ce, wadda tsofaffin masu gyaran rediyo ke kira kwandensa, jikanyar tulun ajiye lantarkin nan da aka ƙirƙiro a Leiden ta ƙasar Holan wajen 1745. Aikinta ɗaya da na randa. Uwargida mai tuƙa tuwo ba ta rugawa rijiya duk sanda tukunya ta nemi ruwa. Randa na gefen murhu, sai ta kamfata, yara su cika daga baya.

Aisi, wato ƙwaƙwalwar na'ura, ba ya shan wuta a hankali. Fizga yake yi, sau miliyoyi cikin daƙiƙa guda. Batir kuwa a ma'aunin wannan sauri yana da nisa, kuma ɗabi'ar kowace igiyar lantarki ce ta yi gardama idan gudun wuta ya sauya farat ɗaya. Kafin wutar ta iso, ƙarfinta ya faɗi, aisi ya rikita lissafi ko ya sake kunna kansa. Kafasita ce ke cike giɓin, ta kuma zubar da hayaniyar fizgar zuwa layin ƙasa kada ta dami maƙwabta. Shi ya sa ake manna ta dab da ƙafar aisi. Randar da ke zaure ba ta ceci tuwo ba. Kafasitar da aka fi sani ita ce mai maikurofarad 0.1, a tsofaffin rediyo za ka ga an rubuta mata 104.

To me ya sa wayar ta tashi? Kafasitar da aka cire ce ta jawo shot ɗin, kuma layi ɗaya kan ɗauki irinta da dama a jere, sai 'yan'uwan suka rufa asiri. Cire guda, a ganina, ba laifi ba ne. Amma mai gyaran da ya mayar da abin ɗabi'a, ya kwashe uku ko huɗu bai mayar ba, wayar kan dawo masa da ƙorafin tana ɗaukewa da zarar an kunna kyamara ko kira ya shigo.