Kakar Da Ta Tsallako Da Iri Daga Gungu

'Yan'uwa manoma, a watan jiya ne ikilisiyar Baftis ta wani ƙauye da ke bakin tafkin Kainji, cikin ƙasar Ngaski, ta yi jana'izar tsohuwar da yaro da babba suke kira Kaka. Ta yi barci cikin Ubangiji tana da shekara tamanin da ɗoriya, ta bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. Fiye da shekara hamsin ta yi cikin wannan ikilisiya. Ba ta taɓa riƙe wani matsayi a ƙungiyar manoma ba, amma rumbun iri da ƙungiyar take taƙama da shi yau daga tukunyarta ya samo asali. Yanzu kuwa gardama ta tashi a kan rumbun nan. Waɗansu sun ce tun da mai lura da shi ta tafi, a sayar da abin da ke ciki a raba kuɗin, kowa ya sayi irinsa a kasuwa. Tun da yake irin wannan magana tana tasowa a ƙungiyoyinmu da dama, daga Shanga har Wara, na ga ya kamata ku ji tarihin tsohuwar nan kafin ku yanke shawara.

Zaman gungu

An haifi Kaka a ɗaya daga cikin gungunan kogin Kwara, a ƙasar Yauri. Mutanenta su ne Reshe, waɗanda Hausawa suke kira Gungawa saboda zamansu a gungu. An san su da su, da tuƙin jirgi, da noman albasa na rani. Kogin yana kawo ruwa sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, wanda yake zuwa da damina daga ruwan saman ƙasarmu, akwai kuma baƙin ruwa, wanda yake tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso nan cikin hunturu. Saboda haka ƙasar gungu ba ta rasa laima, kowace shekara kuma ruwa yana bar mata sabon taki.

A can Kaka ta koyi aikin iri a hannun uwarta. A gidajen gungu ba a sayen irin albasa. Ana zaɓen manyan albasa masu lafiya, a ajiye, a sāke dasa su har su yi fure, sa'an nan a yanke kawunan, a shanya, a murje. Haka nan dawa da gero: ana zaɓen zangarniya tun tana tsaye a gona, kafin a fara girbi.

Zuwan ruwa

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe ta a 1969. Tafkin da ya taru ya kai tsawon kilomita 130 da ɗoriya, daga madatsar har kusa da Yelwa. Ya cinye tsohon garin Busa, da gungun Foge, da gonaki da kaburbura masu yawa. Mutane wajen 44,000 ne aka tayar daga mazauninsu, aka gina musu gidajen siminti a kan tudu.

Lokacin nan Kaka tana da goyo. Ranar tashi kowa ya cika jirgi da abin da ya fi ƙauna: gado, da tabarmi, da awaki, da taru. Ita kuwa ta bar turminta da waɗansu tasoshinta domin ta sami wurin tukwane biyu da ta liƙe bakinsu da laka. Ɗaya irin albasa ce, ɗaya dawa da gero. Mata sun yi mata dariya, suka ce ai gwamnati za ta ba da diyya, da kuɗi kuwa babu abin da ba a samu.

Da aka hau tudu sai aka tarar ƙasar ba irin ta gungu ba ce. Jigawa ce, ruwa yana nesa da gona, albasa kuwa ba ta zama inda ba a ba ta ruwa. Mutane da yawa suka cinye hatsinsu duka kafin damina, kuɗin diyya ya tafi a cefane. Da ruwan shuka ya sauka, waɗanda suka yi dariya su ne suka fara sallama a ƙofarta. Ba ta sayar ba, ba ta kuma ba da kyauta ba. Sai ta auna wa kowa da ƙoƙo, da sharaɗin in ya girbe ya mayar da ƙoƙo biyu na zaɓaɓɓen iri. Daga baya mutane suka gane cewa tafkin yana ja da baya kowace shekara bayan hunturu, yana barin ƙasa mai laima a gaɓa. Nan irin albasar Kaka ta sami wurin zama.

Yadda ta shiga ikilisiya

Cinikin albasa ne ya kai ta kasuwar Yelwa, a can ta saba da waɗansu mata Yarabawa 'yan kasuwa. Kamar yadda ya faru a garuruwa da yawa na Arewa, fatake Yarabawa ne suka zo da ikilisiyar Baftis, wadda aikinta ya faro a ƙasar nan tun zuwan Thomas Bowen a 1850. Ta wurinsu ta ji bishara. Aka yi mata baftisma a cikin ruwan tafkin, wato ruwan da ya rufe gidan ubanta. Tana da 'ya'ya ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932. Littafin yana nan, ganyensa duk ya yi ja don hayaƙi.

Cikin ƙungiyar mata, wadda Baftis suka kafa a Nijeriya tun 1919, ta fito da wata dabara. Duk matar da za ta ɗora tukunyar tuwo, ta ɗebi tsaba cikin tafin hannu ɗaya ta zuba a wata ƙwarya dabam. Ran Lahadi a kawo majami'a. Babu gidan da ya taɓa kwana da yunwa saboda tafin hannu ɗaya, amma da wannan aka riƙa ciyar da gwauraye, da mai bishara, da marasa lafiya da za a kai asibiti.

Labarin da ta fi so ta ba yara a makarantar Lahadi shi ne na Yusufu a Masar, wanda yake cikin Farawa sura 41, yadda aka tara hatsi cikin shekarun ƙoshi saboda shekarun yunwa. Takan ja kunnen jikokinta cewa addu'ar neman ruwa ba ta da amfani ga wanda ya dafa irinsa. Ba ta kuma taɓa tambayar addinin mai neman iri ba. Maƙwabtanta Musulmi sun ci rancen ƙoƙonta, sun biya da amana, ran jana'izarta kuma sun zo sun yi wa iyalinta ta'aziyya.

Abin da rumbun ya yi

Da aikin ya fi ƙarfin ɗakinta, sai dattawan ikilisiya suka gina rumbu a bayan majami'a, ƙungiyar manoma ta karɓi riƙonsa. Jikarta ce take rubuta littafi: sunan mai karɓa, irin da ya karɓa, da abin da ya mayar. Kaka kuwa takan zauna a bakin rumbu da faifai, ta duba abin da aka kawo. In ta ga ƙaiƙayi ko tsaba mai huda sai ta mayar wa mai shi, ko da dattijon ikilisiya ne.

Ku tuna da ambaliyar 2012, da kuma ta 2020 wadda ta cinye shinkafa mai yawa a Jihar Kebbi. A irin waɗannan shekaru farashin iri yana tashi daidai lokacin da aljihun manomi ya bushe. Membobin da suke da suna a littafin rumbu sun koma gona da noman rani ba tare da sun sayar da akuya ko sun jinginar da gona ba.

Masu cewa a sayar suna da hujjarsu, kada mu raina ta. Sun ce yanzu akwai ingantaccen iri mai saurin nuna, wanda ya fi na gargajiya yabanya. Wannan gaskiya ne, mu ma malaman gona muna koya muku amfani da shi. Amma ku lura da abu biyu. Na fari, irin masara mai aure da kamfani ke sayarwa ba a ajiye 'ya'yansa don shuka, gama a shekara ta biyu amfaninsa yana raguwa, dole a sāke saye kowace damina. Na biyu, irin da aka saya a buɗaɗɗen buhu a kasuwa, ba ka san shekarunsa ba. Irin albasa musamman ba ya daɗewa, bayan shekara guda ƙarfin tsirowarsa yana faɗuwa ƙwarai. Ba a ce kada a sayi sabo ba. Amma da tsohuwar zuma ake magani: manomin da yake da nasa a rumbu, shi ne yake sayen na kasuwa da zaɓi, ba bisa tilas ba.

Yadda za mu ci gaba da aikinta

Ga hanyoyin da Kaka ta bi, haɗe da abin da binciken aikin gona ya ƙara mana.

Ku zaɓi iri a gona, daga tsakiyarta, ba daga gefe ba, daga tsiro mai lafiya wanda ya nuna da wuri. Kada ku ɗiba daga tarin da aka riga aka sussuka.

Ku shanya shi sosai a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba. In kun ciji ƙwaya ta fashe da ƙara, ta bushe.

Zangarniyar dawa da gero a rataye ta inda hayaƙin murhu yake taɓa ta. Wake kuwa a gauraya shi da toka mai sanyi a tukunya a liƙe, ko a zuba a buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi. Yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba sai an sa magani ba. Sai dai a ɗaure kowane riɓi dabam, a kuma tsare shi daga ɓera.

Kafin shuka ku gwada. Ku ƙirga ƙwaya 100, ku shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, ku naɗe, ku riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda ku duba dawa, albasa kuwa ku ba ta kwana 10 zuwa 12. In 80 ko fiye suka tsiro, iri ne mai kyau. In ba su kai rabi ba, ku nemi wani.

A zaɓi mutum uku masu riƙon rumbu, a ciki lalle da mace, gama mata ne suka fi sanin iri. A karanta littafin a gaban kowa sau biyu a shekara, bayan girbi da kafin shuka. Wanda ruwa ya cinye gonarsa a ɗaga masa zuwa baɗi, amma a rubuta.

'Yan'uwa, in aka raba kuɗin rumbun nan, rabon kowa ba zai wuce cefanen kasuwa ɗaya ko biyu ba, sa'an nan abin da aka tara tun zamanin tashi daga gungu ya ƙare. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi a Yauri da Ngaski da Shanga su sa wannan magana cikin taronsu na gaba, su kuma gayyaci tsofaffin matan ikilisiyarsu su zauna a gaba. Kusan kowane ƙauye yana da irin Kaka, ku tambaye su tun suna da rai.

Ubangiji ya ta'azantar da iyalinta da ikilisiyarta, ya ba mu damina mai albarka. Amin.