Daren Liyafa A Jirgin Ruwa: Kwat Ko Babbar Riga?

Da zarar ƙarfe shida na yamma ta buga a cikin jirgin ruwan nan da ake kira Queen Mary 2, sai ka'idar sa tufafi ta sauya. Fasinjan da ya yini yana shan iska a saman jirgi da gajeren wando da silifa, tilas ne ya koma ɗakinsa ya shirya, in dai yana so ya ci abincin dare a babban ɗakin cin abinci na Britannia. Idan kuma daren ya zo daidai da daren liyafa, wanda kamfanin yake kira Gala, to, ma'aikacin da ke tsaye a bakin ƙofa yana da ikon ya mayar da duk wanda shigarsa ba ta cika ba. Cikin ladabi zai yi masa magana, amma fa a gaban jama'a ne, kuma mutumin da ya biya kuɗi masu yawa ba zai so a nuna masa hanyar komawa ba.

Wannan jirgi na kamfanin Cunard ne. An ƙera shi a Faransa, ya fara aiki a shekarar 2004, tsawonsa mita 345, kuma yana ɗaukar fasinja sama da 2,600. Shi kaɗai ne ya rage yana zirga-zirga a kai a kai da fasinja tsakanin Southampton ta ƙasar Ingila da birnin Niyu Yok na Amurka, tafiyar da takan ci kwana bakwai a tsakiyar Tekun Atlantika. A cikin waɗannan kwanaki yawanci akan keɓe dare biyu domin liyafa. Sauran dararen ana bukatar shiga ta mutunci kawai, watau riga mai kwala da dogon wando ga namiji.

Abin da ka'ida ta nema ga namiji a daren liyafa ba shi da yawa. Na farko shi ne baƙar kwat ɗin dina, wadda ake yi wa bakin ƙirjinta da siliki mai sheƙi, da wando mai layin siliki a gefe, da farar taguwa, da ɗan naktai mai siffar malam-buɗe-littafi, da baƙin takalmi sau-ciki wanda ya sha goga. Wanda ba shi da wannan, an yarda ya sa kwat da wando masu duhun launi, amma da naktai. Mace kuwa doguwar rigar yamma ake so, ko riga ta ado wadda ta wuce gwiwa, ko wando da riga na alfarma. Wani lokaci akan ba daren launi, kamar baƙi da fari, ko ja da ruwan zinariya, kuma bin launin ba dole ba ne.

Ita wannan kwat ta dina tana da asali. A shekarar 1865 wani shagon ɗinki na Landan, Henry Poole, ya ɗinka wa Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, wata gajeriyar kwat da zai riƙa sawa yana cin abinci a gida, domin ya huta da doguwar nan mai jela. A shekarar 1886 sai ta ɓulla a wurin shaƙatawar attajirai na Tuxedo Park kusa da Niyu Yok, daga nan ne Amurkawa suka samo sunan da suke kiranta da shi. Abin lura shi ne, tufar da a yau ake ɗauka ƙololuwar shiga, da farko ta hutawa ce.

Da manyan jiragen ruwa suka yawaita a ƙarshen ƙarni na 19, sai masu kuɗi suka shiga da al'adun gidajensu. A sashen masu daraja ta ɗaya akan busa ƙaho da yamma domin a sanar da mutane lokacin shiri. Talakawa masu ƙaura zuwa Amurka, waɗanda su ne mafi yawa, suna can ƙasa a cunkushe, ba ruwan kowa da abin da suka sa. Saboda haka tun asali kwat ɗin dina katanga ce tsakanin mai shi da mara shi. Akwai kuma wata ƙaramar al'ada da ta wanzu har yau: ba a yin liyafa a daren farko, domin a wancan zamani ba a gama kwance manyan akwatuna ba, kuma ba a yi a daren ƙarshe, domin an riga an ɗaure kaya.

Dattawan ma'aikata na Nijeriya ba baƙi ba ne ga irin wannan tafiya. Daga shekarar 1951 zuwa 1974 jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ya yi ta kai da komo tsakanin Ingila da tashar Apapa ta Ikko, tafiyar kusan mako biyu, yana ɗauke da jami'an mulki da 'yan kasuwa da ɗalibai masu zuwa ƙaro ilmi. Jirgin sama ne ya kashe wannan kasuwa, kamar yadda ya yi wa ta Atlantika ta arewa tun daga shekarar 1958, lokacin da jirage masu injin jet suka fara tsallaka teku cikin sa'o'i kaɗan. Kamfanonin da suka tsira sai suka koma sayar da yawon shaƙatawa, suka mai da daren liyafa ɗaya daga cikin hajojinsu. A yau mai ɗaki mafi araha ma yana sa kwat ya shiga zauren rawa na Queens Room kamar kowa.

Ba kowane kamfani ne ya riƙe al'adar ba. A shekarar 2000 kamfanin Norwegian Cruise Line ya fito da tsarin da ya sake wa fasinja mara, ya ci abinci lokacin da ya ga dama, da shigar da ya ga dama. Wasu kamfanonin suka bi sawu, suka sassauta ka'ida har ta zama shawara kawai. Don haka matakin farko ga mai niyyar tafiya shi ne ya karanta takardar da kamfaninsa ya aiko masa, domin abin da za a yaba a wani jirgi, a wani jirgin ido za a zuba masa.

To, ina matsayin Bahaushe, ko wani ɗan Afirka, wanda ba ya sha'awar ɗaura naktai? Ka'idar Cunard ta amince da tufafin alfarma na ƙasar mutum. Shi ya sa akan ga mutanen Sikotilan da ɗan patarinsu na ulu, da matan Indiya da sarinsu. Babbar riga ta shiga wannan sahu ba tare da gardama ba. Sai dai kalmar da ta kamata a riƙe ita ce alfarma. Kaftani mara aiki, irin wanda ake zuwa ofis da shi ranar Talata, bai kai ba, kamar yadda kwat ɗin zuwa ofis mai ruwan toka-toka ba ta kai ba. Abin da ya yi daidai da kwat ɗin dina shi ne cikakkiyar shiga: shadda mai kyau ko yadi mai nauyi, 'yar ciki da wando da babbar riga mai aiki, da hula zanna ko kube, da takalmi rufaffe. Ga mace, leshi ko shadda da ɗaurin ɗankwali da mayafi sun wadatar, har ma sun fi yawancin rigunan yamma dacewa da wurin, domin na'urar sanyaya ɗaki takan sa matan Turawa neman abin yafawa.

A gaskiya ma, wanda yake da riga ta kirki a gida bai kamata ya ɓata kuɗinsa a kan kwat ɗin da ba zai sake sawa ba. Kwat ɗin aro ko ta haya takan tona asirin mai ita: hannu ya yi tsawo, kafaɗa ta zube, mutum ya kwana yana gyara wuya. Wanda ya saba da babbar riga tun yana saurayi ya san yadda zai naɗe ta a kafaɗa, ya san yadda zai zauna da ita, kuma wannan natsuwa ita ce rabin kwalliya.

Amma babbar riga tana da nata wahalhalun a teku, kuma a nan ne mutane suke yin sakaci. Babbar matsala ita ce guga. An hana shiga da dutsen guga ɗakin kwana a jiragen ruwa saboda tsoron gobara, wadda ita ce abar da matuƙa jirgi suka fi tsoro. A Queen Mary 2 akwai ɗakunan wanki da fasinja zai iya yin guga da kansa, amma teburin gugar ɗan ƙarami ne, an yi shi domin taguwa, kuma a yammacin liyafa layi ake yi. Masu wanki na jirgin kuwa ba lalle ne su san yadda ake bi da aikin wuyan riga ba. Dabara ita ce a kai rigar wa masu bugu tun a gida, a ninke ta yadda suka ninke, a shimfiɗa ta a saman akwati, sa'an nan a rataye ta da zarar an shiga ɗaki. Riga ɗaya ta isa dare biyu in an sauya hula da 'yar ciki, tun da jirgin saman da zai kai mutum tashar ruwa yana ƙayyade nauyin kaya.

Sai kuma motsin jirgi. Atlantika ta arewa takan yi fushi, musamman da hunturu, kuma mai hawa matakala yana bukatar hannu ɗaya a kan ƙarfen riƙo. Riga mai jan ƙasa ko takalmi mai tsini sosai hatsari ne a irin wannan dare. A tebur ma, inda aka jera kofuna uku ko huɗu a gaban kowa, sai an tattare hannun riga sosai kafin a miƙa hannu. Wanda zai fita shan iska bayan cin abinci ya riƙe hularsa, domin abin da iska ta ɗauka a tsakiyar teku ya tafi ke nan.

Wanda duk bai ga zai iya ba, ba za a bar shi da yunwa ba. Ɗakin cin abinci na Kings Court, inda mutum yake ɗibar abinci da kansa, a buɗe yake ga mai shiga ta yau da kullum, kuma ana iya kawo wa mutum abinci har ɗakinsa. Abin da zai rasa shi ne babban ɗaki da zauren rawa da gaisawa da hafsoshin jirgi, waɗanda su ma sukan fito da kayan sarkinsu na biki.

A daren ƙarshe akan bukaci kowane fasinja ya ajiye akwatinsa a bakin ƙofar ɗaki kafin ya kwanta, ma'aikata su kwashe, ba zai sake ganinsa ba sai a zauren kwastan. Babbar riga da kwat duk su shiga akwati, amma a ware kayan da za a sa da safe da takalminsu tun kafin a ja zif.