Renon Yaro da Renon Itace

Ya kai mai karatu, ko kai manomi ne ko mai gari, wannan takarda ta zo maka da magana bisa abu biyu waɗanda mutane suka saba rabawa, alhali kuwa hanyarsu ɗaya ce, watau renon yaro da renon itace. Kowane magidanci burinsa shi ne ya ga 'ya'yansa sun tashi da lafiya, ran da ƙarfinsa ya ƙare kuma ya bar musu gonar da za ta ci da su. To, sai ka sani ba faɗin gona ne gado ba, ƙarfin ƙasarta shi ne gado. Wanda ya bar wa 'ya'yansa fako, ko faɗinsa ya kai tafiyar yini, wahala ya bar musu.

Yadda gonaki suka tsiraita

Tambayi tsofaffin garinku yadda karkara ta ke sa'ad da su ke yara. Za su ba ka labarin gawo da ɗorawa da kuka da kanya a tsakiyar gonaki. Sarakunan Damagaram na dā har doka suka kafa mai tsanani bisa wanda ya sare gawo, don sun san amfaninsa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, jama'a kuma suka yi ta ƙaruwa, aka rage barin saura ta huta. Sannu a hankali sai ya zama manomin kirki, a ganin mutane, shi ne wanda ya yi sassabe ƙwal, bai bar ko tsiro ɗaya ba. Da farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya, suka tarad da ƙasa ba sutura.

Dubi wanda ya fi shan wuyar wannan. 'Yan mata ne ke tafiya mai nisa neman itacen wuta. In ba a samu ba, sai a ƙone kara da kashin shanu, waɗanda su ne abincin gona. Iska ta taso ba abin da zai tare ta, ta binne shuka da rairayi, a sake shuka sau biyu ko uku. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara, maigida ya tafi cin rani, yara su rame. Ka ga ke nan gatarin da ya faɗa wa itace, a kan yaro ya sauka.

Abin da aka gani a ƙasar Maraɗi

Cikin 1983 wani malamin gona mutumin Ostiraliya, sunansa Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a ƙasar Maraɗi ta Nijar, mafi yawan abin da a ke dasawa kuwa mutuwa ya ke yi. Sai ya lura da cewa 'yan tsirrai da ke fitowa a gonaki, waɗanda a ke sarewa kowace shekara, ba ciyawa ba ne, tohon tsofaffin kututture ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Tun da ya ke saiwar ta riga ta kai ga laima, tohon ba ya bukatar ban ruwa, ya kan kuma yi saurin girma fiye da dashe.

Shekarar yunwa ta 1984 aka roƙi manoman ƙauyuka kusan 100 su bar irin wannan toho a gonakinsu, ana ba su taimakon hatsi. Da taimakon ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka ga gero bai ragu ba, ga itacen wuta a kusa, ga abincin dabbobi. Gani ya kori ji, maƙwabci ya koya daga maƙwabci, aka sa wa abin suna sassaben zamani. A lissafin da masu bincike suka fitar cikin 2009, gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Talakawa ne suka yi wannan aiki da adda da lauje.

Yadda za ka yi, kai da ɗanka

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Kada ka yi wannan aiki kai kaɗai. Ran da babu makaranta, tafi gona da yaranka, maza da mata, ku bi waɗannan ƙa'idodi:

1. Kafin sassabe ku zaga gona, ku ƙirga kututturen da ke toho. Gaya wa yaro sunan kowanne, wannan sabara, wannan kalgo, ga magarya, ga aduwa, ga gawo, ka faɗa masa amfaninsa.

2. A kowane kututture ku zaɓi toho 3 zuwa 5 waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ku yanke sauran.

3. Ƙarfen yanka ya zama mai kaifi, a riƙa yanka daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya ɗaye. Yanka aikin babba ne, ƙaramin yaro nasa shi ne tattara rassa.

4. Ku rage rassan gefe har zuwa rabin tsawon tohon kawai. In aka aske shi duka, iska ko akuya za ta karya shi.

5. Ku ɗaura ƙyalle a jikin wanda kuka bari, don kowa ya san da mai shi. Bayan wata 2 zuwa 6 ku koma ku sake gyara.

Sa'an nan ka ba kowane yaro itace guda ya zama nasa, a riƙa kiransa da sunansa. Abin da aka samu a jikinsa, 'ya'ya ko reshe, a ba shi rabonsa. Yaron da ya yi shekara biyar yana tsaron magaryarsa ba zai girma ya sa wa daji wuta don neman gafiya ba.

Kada ka ji tsoron inuwa. Gawo dai ka san halinsa, da damina ya ke zub da ganye, da rani ya yi kore. Sabo da haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin tumaki da awaki ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Je ka dubi zangarniyar da ke gindin gawo, ka gwada ta da ta fili.

Daga itace zuwa tukunya

Tuwo zalla ba ya gina yaro, sai da miya mai kyau. Kuka, da daddawar kalwa, da zogale, da tsamiya, duk daga itace su ke, ba sai an kai kuɗi kasuwa ba. Magarya da kanya da aduwa kuwa da rani su ke nuna, sa'ad da yara suka fi bukatar abin taɓawa. Shuka zogale biyu ko uku a bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke ke bi, ka kewaye su da ƙaya. In za a shanya ganyen, a shanya a inuwa, gama rana tana rage masa amfani.

Jariri kuwa, daga haihuwa har wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Bayan haka a fara ba shi kunu mai kauri da garin gyaɗa ko na wake da ɗan garin zogale, ana ci gaba da ba shi nono har shekara 2. Aikinka a nan, maigida, shi ne ka ga mai shayarwa ta ƙoshi, ka kuma rage mata tafiyar neman itace. Kowa a gida ya wanke hannu da sabulu, in babu da toka, bayan fitowa daga salga da kafin cin abinci. Zawo ya kan kwashe yara da yawa, rigakafi kuwa ya fi magani.

Murhu da juji

Murhun duwatsu uku yana cin itace da yawa, don iska tana kwashe zafin wuta ta kowane gefe. In aka kewaye shi da ginin laka daidai gindin tukunya, aka bar ƙofa ɗaya ta itace, sai cin itacen ya ragu. A yi girki da busasshen itace, a inda iska ke shiga. Kada uwa ta duƙa cikin hayaƙi da goyo a bayanta, gama hayaƙi yana jawo wa yara tari da ciwon haƙarƙari.

Haƙa rami a gefen gida, a riƙa zuba shara da toka da kashin dabbobi, ana yayyafa ruwa, kafin bazara ya zama taki. Amma koya wa yara su ware leda, don ba ta ruɓewa. Akuya ta kan haɗiye ta, ta toshe mata ciki har ta mutu, hayaƙinta kuma guba ne. Je kasuwa da kwando ko ƙwarya kamar yadda iyaye ke yi. Har wa yau, galan ɗin da aka ƙarar da maganin feshi a cikinsa, ko an wanke shi sau goma, kada a sa ruwan sha ko mai a ciki, kada kuma a bar shi inda hannun yaro zai kai.

Magana ga dagatai da masu unguwanni

Allah ya ba ku nasara, wannan aiki ba ya tsayawa sai da ku. Mutum ba zai reni itace shekara uku ba in ya san wani zai zo da dare ya sare, ko kuwa in ya ɗebi reshe a gonarsa za a ci shi tara. Abin da ya ƙarfafa manoman Nijar shi ne da suka tabbata amfanin itacen da suka rena nasu ne. Sabo da haka ku tara jama'a, da manoma, da makiyaya, da mata, ku gayyaci malamin daji na yankinku ya bayyana abin da doka ta ce. Ku shirya yadda za a yi da mai sara ba izini, da mai sa wuta, ku kuma bar burtali a buɗe don kada a yi rigima. Wanda ya fi kowa kyawun gona, a yaba masa a gaban jama'a.

Kai kuma da ka iya karatu, kada ka naɗe wannan takarda ka sa a aljihu. Karanta wa maƙwabtanka da yamma a dandali. Bana, kafin ka ɗauki gatari, kira ɗanka ku je ku duba kututturen da ke gonarku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya, amin.