Ina ƙarfin takinmu yake zuwa?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, sau da yawa mukan zuba taki a gona, amma hatsi ya fito da ganye rawaya, musamman ganyen ƙasa. Wannan alama ce ta ƙarancin wani sinadari da malaman gona suke kira azot. Shi ne abincin da yake sa ganye ya yi kore shar, kara ya yi ƙauri. Yana cikin kashin dabbobi da fitsarinsu, yana kuma cikin takin zamani. A buhun ure mai kilo 50, kilo 23 azot ne.

Matsalar azot ita ce ba ya zama wuri ɗaya. Masu bincike na INRAN da na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, sun daɗe suna bin sawunsa a ƙasar jigawa. Sun gano cewa hatsi ba ya cin ko rabin azot ɗin ure da aka zuba masa. Wani kashi yana saura cikin ƙasa, wani kuwa ya ɓace.

Hanya ta farko ita ce iska. Idan aka watsa ure bisa ƙasa aka bar shi a fili, laima ta narkar da shi, rana ta buga, sai ya zama wani tururi ya tashi. Warin nan mai shiga hanci da muke ji a turken awaki, shi ne azot yana tafiya. Saboda haka a zuba ure lokacin da ƙasa take da danshi, a rufe shi da ƙasa nan take, ko a bi shi da noma.

Hanya ta biyu ita ce ruwa. Rairayi ba ya riƙe azot. Ruwan sama mai yawa yana jan shi ƙasa, inda saiwar hatsi ba ta kai. Shi ya sa ake raba ure kashi 2: rabi bayan cira, rabi lokacin da hatsi ya fara yin kara. Azot ɗin da ya nutse yana iya shiga rijiya, kuma idan ya yi yawa a ruwan sha yana cutar da jarirai. Kada a tara taki ko a kafa turke kusa da bakin rijiya.

Batun dabbobi ya fi ba mu mamaki. Mun saba da kwasar kashi mu kai gona, muna ganin mun ɗebo dukan amfanin. Ashe babban rabo na azot yana cikin fitsari, shi kuwa ba a iya sa shi cikin mangala. A Sadore an gwada, an ga gonar da shanu suka kwana cikinta ta fi wadda aka kai wa kashi kaɗai ba da hatsi. Kakanninmu da suke sauke makiyaya a gonakinsu da rani, suna ba su damman hatsi, sun san abin da suke yi. Amma akwai sharaɗi. Idan garke ya daɗe wuri ɗaya, taki yana taruwa fiye da abin da shuka take iya ci, damana ta zo ta wanke ragowar. Gara a riƙa gusar da makwancin daga wannan gefe zuwa wancan.

Takin da aka tara a gida ma yana asara idan ya kwashe watanni cikin rana. A sa shi cikin rami, a inuwa, a rufe.

Sai wuta. Duk karan da aka ƙone, azot ɗinsa yana bin hayaƙi, ba ya zama cikin toka. Karan da aka bari kwance kuwa yana tare ƙasar da iska take ɗauka. Wake, gujiya da iccen gawo suna jawo azot daga iska ta hanyar saiwarsu, shi ya sa hatsin da ya gaji gonar wake yake yin kyau.