Iyo, Keke da Gudu a Wuni Guda: Labarin Ɗan Gana da Ya Shiga Tsere da Ƙafa Ɗaya

Duk wanda ya san titin da ya ratsa Atonsu ya nufi tafkin Bosomtwe zai iya auna girman abin da za mu yi magana a kansa a wannan fitowa ba tare da ya je ko'ina ba. Daga Kumasi zuwa bakin tafkin tafiyar kimanin kilomita 30 ce, faɗin ruwan kuma ya kai kusan kilomita 8. To, mai karatu ya ƙaddara an ce da mutum ya faɗa ruwan nan da sassafe ya yi iyo har ya kusa kaiwa tsakiyarsa, sa'annan ya fito a jiƙe ya hau keke ya ci fiye da kashi biyu cikin uku na hanyar Kumasi zuwa Akara, daga nan ya jingine keken ya zaga filin wasa na Baba Yara sau 105 a guje, kuma ya gama duka kafin sa'o'i 17 su cika. Wannan shi ne kwatankwacin dogon tseren nan mai rukuni uku da Turawa ke kira tirayatalon, wanda mafi shahararsa shi ne Ironman: iyon kilomita 3.8, tuƙin keke na kilomita 180, da gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42.2.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, mafi yawan masu shiga wannan tsere ba da wasa suke cin abinci ba. Malaman makaranta ne, da likitoci, da 'yan kasuwa, da iyaye mata, waɗanda ke biyan kuɗin shiga daga aljihunsu alhali sun san ba za su zo na ɗaya ba. Abokin hamayyarsu agogo ne, sai kuma jikinsu.

Yadda abin ya samo asali

An fara haɗa waɗannan wasanni uku a gasa ɗaya a birnin San Diego na Amurka a 1974, amma da gajeren zango. Dogon tseren kuwa gardama ce ta haife shi. A tsibirin Oahu na jihar Hawaii, wasu 'yan wasa sun yi ta musu a kan wane ne ya fi juriya tsakanin mai iyo, da mai gudu, da mai keke. Sai wani hafsan sojan ruwa mai suna John Collins da matarsa Judy suka kawo shawarar a haɗa manyan gasanni uku na tsibirin a yi su a wuni guda. A watan Fabrairun 1978 mutum 15 suka fara, 12 suka kai ƙarshe. Wanda ya zo na ɗaya, Gordon Haller, tuƙin tasi yake yi a lokacin, kuma ya gama cikin sa'o'i 11 da minti 46. A 1981 aka mayar da gasar garin Kona. Tun 2000 kuma tirayatalon ya shiga wasannin Olimfik, sai dai da zango taƙaitacce: iyon kilomita 1.5, keken kilomita 40 da gudun kilomita 10.

Abin da jiki ke gani a ranar

Iyo ne mafi gajarta, amma shi ya fi firgita sabon shiga. Ɗaruruwan mutane ke faɗawa ruwa kusan lokaci guda, wannan ya shure ka, wancan ya buge ka da hannu, kuma babu bangon da za ka dafa ka huta. A bisa al'adar gasar, wanda bai fito ba cikin sa'o'i 2 da minti 20 an sallame shi ke nan. A kan keke kuwa ake shafe mafi tsawon wunin, sa'o'i 6 zuwa 8 ga wanda ba ƙwararre ba, kuma doka ta hana laɓewa a bayan wani domin ya kare maka iska. Idan taya ta yi faci, kai za ka sauka ka gyara abinka.

A nan ne ilmi ke shigowa. Makamashin da jiki ke tarawa a tsoka da hanta bai wuce kalori 2,000 ko kusa da haka ba, alhali tseren yana cin ninkin wannan sau huɗu ko fiye. Saboda haka dole mutum ya riƙa cin abu mai zaƙi kaɗan-kaɗan yana bisa keke, tun kafin ya ji yunwa. Idan ya yi sakaci, ƙarfinsa zai yanke farat ɗaya, kansa ya ɗaure. Ruwa ma yana da ƙa'ida: wanda bai sha isasshe ba zai bushe, wanda kuma ya yi ta kwankwaɗar ruwa zalla yana zubar da gumi, gishirin jininsa zai ragu har ya kai ga suma, wani lokaci ma ga rasa rai. Shi ya sa masu horarwa ke cewa gudun ƙarshe tun a kan keke ake shirya shi. Wanda ya biye wa zumuɗin safiya ya ƙure kansa, da la'asar zai biya bashin.

Duniya ta ga haka da idonta a Fabrairun 1982. Julie Moss, ɗalibar jami'a mai shekara 23 wadda ta shiga gasar domin binciken karatunta a kan motsa jiki, ita ce a gaban dukkan mata har aka hango layin ƙarshe. Sai ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, Kathleen McCartney ta zo ta wuce ta, ita kuwa ta ƙarasa da rarrafe, daƙiƙa 29 a baya. Da aka nuna wannan a talabijin, maimakon mutane su tsorata, sai masu neman shiga suka ƙaru.

Ɗan Gana da kekensa

Mu a nan Gana muna da namu labarin, kuma abin da ke cikinsa ya fi lambar yabo nauyi. An haifi Emmanuel Ofosu Yeboah a 1977 a yankin Gabashin ƙasar nan, ƙafarsa ta dama a naƙashe, babu ƙashin ƙwauri. Mahaifinsa ya tafi ya bar su. A zamanin da ake ɗaukar irin wannan haihuwa a matsayin mugun baki, ana ɓoye yaron ko a tura shi bara, mahaifiyarsa Comfort ta kafe sai ya yi karatu. Da farko goya shi take yi zuwa makaranta, da ya yi nauyi sai ya koma tafiya da tsalle a kan ƙafa ɗaya, kimanin kilomita 3 zuwa, 3 dawowa. Yana ɗan shekara 13 ciwo ya kwantar da ita, ya tafi Akara ya kama shushaina yana aiko wa gida abin da ya samu. Ta rasu a ƙarshen 1997.

Bayan rasuwarta ya rubuta wa wata gidauniya da ke jihar Kalifoniya mai suna Challenged Athletes Foundation, wadda ke tallafa wa 'yan wasa masu naƙasa. Keke kawai ya roƙa. Ita kanta gidauniyar daga tirayatalon ta tsiro: an kafa ta ne sanadin Jim MacLaren, wanda ya rasa ƙafar hagu a haɗarin mota a 1985, ya koma ya gama Ironman da ƙafar roba cikin ƙasa da sa'o'i 11, sa'annan a 1993 wata mota ta sake buge shi yana tsakiyar gasa, jikinsa ya shanye. Abokansa suka shirya tsere domin tara masa kuɗi, daga nan abin ya ɗore.

Da keken ya iso, Emmanuel ya yi tafiyar kimanin kilomita 600 a cikin Gana a 2001, yana taka feda da ƙafar hagu kaɗai, yana tsayawa gari-gari yana yi wa jama'a magana a kan cewa naƙasasshe ma yana iya aiki. A 2002 gidauniyar ta gayyace shi gasarta ta tirayatalon a San Diego, inda ya ɗauki rukunin keke mai tsawon kilomita 90. Mai ƙafa biyu yana danna feda ɗaya yayin da ɗayar ke tasowa, shi kuwa babu mai karɓarsa, kowace gangara da kowane tudu ƙafa guda ce ke biya. Sa'o'i 7 ya yi a kan sirdi kafin ya ƙarasa.

A wannan tafiya ne likitocin asibitin jami'ar Loma Linda suka duba shi, suka ce za a iya yanke ƙafar da ta naƙasa a sa masa ta roba. Aka yi aikin a 2003. Ya sake komawa gasar a wannan shekara, ya rage sa'o'i 3 daga lokacinsa na baya. A 2005 aka fitar da fim a kan rayuwarsa mai suna Emmanuel's Gift, wanda Oprah Winfrey ta karanta bayaninsa, kuma a shekarar aka ba shi lambar yabo ta jarumta mai ɗauke da sunan Arthur Ashe tare da Jim MacLaren. A 2006 majalisar dokokin Gana ta zartar da Dokar Masu Naƙasa, doka ta 715. Ƙungiyoyin masu naƙasa sun daɗe suna fafutukar samunta, amma tafiyar wannan saurayi tana cikin abubuwan da suka jawo hankalin ƙasa a kai. Daga cikin abin da dokar ta tanada akwai wajabta wa iyaye su sa ɗansu mai naƙasa a makaranta.

Tambayar sutura

Iyaye da yawa za su ce, ina 'yarmu ina irin kayan da ake sawa a wannan wasa? Shirin Gerami, 'yar ƙasar Iran, ta fuskanci wannan tambaya da kanta. A 2013 ta zama mace ta farko da ta wakilci ƙasarta a gasar duniya ta tirayatalon a Landan, bayan ta sha zirga-zirga wajen ɗinka kayan da ke rufe jiki da kai, waɗanda kuma ba su hana iyo da gudu, har hukumomin ƙasarta suka amince. An tanadar mata tanti domin canza kaya tsakanin rukuni da rukuni. A 2016 ta gama Ironman na Kona, cikin zafin rana da iskar da aka san wurin da su, a sa'o'i 13 da 'yan mintoci, da cikakkiyar suturarta. Matsalar ta tela ce da yadi, kuma an warware ta.

Abin da ya shafi gidajenmu

Ba kowa ne zai shiga Ironman ba. Kuɗin shiga kaɗai ɗaruruwan daloli ne, ban da keke da tafiya, kuma shiri yana cin watanni shida zuwa shekara ana atisaye sa'o'i 10 ko fiye a mako, abin da ba ya yiwuwa sai da yardar iyali. Amma rukunan nan uku, kowanne a kan kansa, suna kusa da mu. Hawan jini da ciwon suga sun shiga gidajen Zango, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin sa'a a kwana biyar. Tafiya da sauri bayan sallar asuba ta wadatar a fara da ita. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da ƙiba, ya fara zuwa a auna jininsa, ga asibitin Kumasi ta Kudu nan a Atonsu Agogo. A watan azumi a rage nauyin atisaye, a mayar da mai wahalar zuwa bayan buɗe-baki.

Mai hawa keke a titin tafki ya sa hular kwano, ya fita da sassafe kafin motocin haya da na yashi su cika hanya. Iyo kuwa a koye shi a wurin da ke da mai koyarwa da mai tsaro. Zurfin Bosomtwe ya kusa mita 80 a tsakiya, don haka kada a bar yara su shiga su kaɗai a ranakun yawon salla, ko da suna cewa sun iya.

Sai babbar magana. A unguwanninmu har yanzu akwai yaron da shan-inna ta taɓa, ko aka haifa da naƙasa, wanda ke zaune a zaure sa'ad da 'yan'uwansa ke tafiya boko da makarantar allo, akwai kuma wanda ake turawa bakin titi da ƙoƙo. Sau da yawa tausayi ne ke sa iyaye haka, amma tausayin da ya hana yaro karatu cutarwa ce a gare shi ranar da iyayen suka kau. Kafin Emmanuel ya taka fedar farko a San Diego, wata uwa ce ta yi shekaru tana goya shi zuwa aji. Wannan kuwa aiki ne da ba ya bukatar dala ko jirgin sama. Duk maigidan da ke da irin wannan yaro, ko ya san maƙwabcin da ke da shi, ya kama hannunsa zuwa wurin shugaban makaranta kafin zangon karatu mai zuwa ya buɗe. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya shirya mana zuriya.