Buhun da ke kashe ƙwaron wake ba tare da guba ba

Duk manomin da ya taɓa ajiye wake a yankin Garwa na Kamaru ya san yadda abin yake. Ka zuba shi fes da kaka, bayan 'yan watanni ka buɗe buhu ka tarar kowace ƙwaya ta huje, gari ya taru a ƙasa. Tsoron wannan asara ne ke sa manoma sayar da wakensu da araha tun da kaka, wasu kuma su barbaɗa masa maganin ƙwari. Illar maganin ba ƙarama ba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan guba a cikinsa.

Mafitar kuwa a arewacin Kamaru aka fara gano ta. A ƙarshen shekarun 1980, Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka da masanan cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru da ke Marwa, cikinsu har da Georges Ntoukam, suka duƙufa neman hanyar adana wake mai sauƙin kuɗi. Sun gwada cakuɗa shi da toka kamar yadda magabata ke yi, sun gwada gasa shi da zafin rana, sannan suka gwada rufe shi a leda ninki uku. Wannan ta ƙarshe ce ta zama buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a 2007 da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates.

Sirrin yana cikin ledar. Buhun na da leda biyu a ciki, kowace mai kaurin maikiron 80, an yi su da roba mai matsattsen jiki wadda iska ba ta ratsawa sai da ƙyar. Na ukun saƙaƙƙen buhu ne da ke ɗaukar nauyi da wahalar hanya. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a murɗe bakin ledar farko a ɗaure tamau, sannan ta biyu, sannan na waje, kowanne da ɗaurinsa. Ƙwarin da ke ciki su ne za su shaƙe ɗan oksijin da ya rage. Da ya yi ƙasa sai su daina ci da haihuwa. Bincike ya kuma nuna cewa ƙishirwa na cikin abin da ke hallaka su, domin a busasshen wake jikinsu na samar da ruwa ne ta hanyar ƙona abinci da oksijin.

Yanzu har masara da dawa ake adanawa a cikin buhun, ana kuma ƙera shi a Kano. Sai dai yana da sharuɗɗa. Dole hatsi ya bushe sosai, kuma huda ɗaya ta ɓera ko tsinke na iya ɓata aikin. Shi ya sa kafin a sake amfani da leda ake hura mata iska a matsa, a ji ko tana tsiyaya. Buhun da aka kula da shi kan kai shekara uku.

Ƙalubalen da ya rage shi ne samun buhun na gaske a kasuwannin ƙauye daidai lokacin kaka, da kuma inda tsohuwar ledar za ta ƙare. Manomin da ya same shi kuwa yana iya riƙe wakensa har bazara, ya sayar lokacin da farashi ya tashi, iyalinsa kuma su ci ba fargaba.