Shingen gida a Ingila: Yadda reshe ɗaya zai iya jawo wa mai gida takarda daga hukuma

A unguwanni da dama na Ingila, shingen itatuwa ne ke raba farfajiyar gida da hanyar masu tafiya a ƙasa. Shingen na mai gida ne, amma hanyar ta jama'a ce, kuma a nan ne doka ke shigowa.

Idan rassa suka yi tsawo suka mamaye hanya, makafi da masu keken guragu da iyaye masu tura jarirai ne suka fi shan wahala, domin sai sun sauka kan titin mota kafin su wuce.

Wa'adin kwana 14

Sashe na 154 na dokar hanyoyi ta 1980 ya bai wa ƙaramar hukuma ikon aika wa mai gida ko ɗan haya takarda, ta ba shi kwana 14 ya aske shingen da ke tare hanya, ko yake kare hasken fitilar titi, ko yake hana direbobi hangen gaba. In bai yi ba, hukuma za ta iya turo ma'aikatanta su yi aikin, sannan ta karɓi kuɗin daga wajensa. Wanda bai gamsu ba yana iya zuwa kotun majistare.

Galibin hukumomi na so a bar sarari mai tsayin da ya haura mita 2 a saman hanyar ƙafa, da kimanin mita 5 a saman titi.

Yaushe ake neman izini?

Askin shinge shi kaɗai ba ya buƙatar izini. Amma toshe hanya ba tare da izini ba laifi ne. Don haka idan aikin zai sa a rufe hanyar, ko a ajiye babban akwatin shara a bakin titi, sai hukuma ta amince tukuna.

Ko a ƙaramin aiki, ana so mai aski ya kashe inji idan mutum ya tunkaro, ya kawar da wayar lantarki daga inda ake takawa, kuma ya share wurin nan take. Ƙayar da aka bari a ƙasa na huda tayar keke, tana kuma ji wa karnuka ciwo.

Tsuntsaye ma na da haƙƙi

Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar tsuntsu da gangan, matuƙar yana amfani da ita ko yana kan gina ta. Hukuncin na iya kai wa ga tara ko ɗaurin wata shida.

Tun 2024 kuma aka haramta aske shingayen gonaki daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta. Sai dai an yi sassauci ga shingen da ke tare hanya ko jefa masu wucewa cikin haɗari, domin shi ba ya jiran ƙarshen Agusta.